Itacen Filin Harbi

Duk wanda ya yi bautar ƙasa a barikin Harjula, in ka tambaye shi sunan kwamandansa sai ya yi ta sosa ƙeya. Amma ka ce masa Tauno Fayaman, nan take zai ce, “Af, mai tari a ƙarƙashin ƙasa!” Tauno Kettunen farar hula ne, ma'aikacin ɗakin wuta. Yana da baƙin gashi ya fara sauka matakalar ɗakin nan, bai yi mata hawan ƙarshe ba sai da kansa ya yi fari fat. Aikinsa kula da babbar tukunyar da take dafa ruwa ta tura shi cikin bututu zuwa ɗakunan kurata, da kicin, da asibitin bariki, da gidan kwamanda. Da farko kwal ake zuba mata da shebur, aka koma baƙin mai, daga baya aka koma gutsattsarin itace. Abincin tukunya ya yi ta canzawa, fayaman yana nan.

Gidansa yana jikin shingen bariki, a layin da ma'aikata farar hula suke zaune. Mahaifinsa ne ya gina shi, bayan yaƙi ya koro su daga Kareliya da abin da keken doki zai iya ɗauka. Kamar kowa a lokacin, tsohon ya fara gina sauna, wato ɗakin wankan tururi, a bakin tafki, da ɗan ɗaki a jikinta mai ƙaramin murhun ƙarfe. A ɗakin nan aka yi goyon Tauno, har gidan gaske ya tashi, da babban murhunsa na bulo a tsakiya wanda ake gasa burodi a ciki ana kuma kwana a kansa.

A shekarun da gwamnati take da hannu a buɗe, aka ja bututu ɗaya daga tukunyar bariki aka ratsa ƙarƙashin shinge, aka raba wa gidajen layin ruwan zafi a kan kuɗi kaɗan. Ranar da ɗumin ya iso gidansu, Tauno ya sa tsani ya hau rufi, ya rufe bakin bututun hayaƙi da faifan ƙarfe, ya danne da dutse. Ya sauko yana kaɗe hannu ya ce wa mahaifinsa, “Baba, zamanin kwasar toka ya wuce.” Tsohon ya ɗaga kai ya dubi dutsen, ya dubi ɗansa, ya tofar da yawu gefe, ya tafi duba komar kifinsa. Shi ba mutum ne mai ɓarnar magana ba.

An ji daɗin zamanin nan, ba a musu. Raili, matar Tauno, tana soya fanke mai barbaɗin sukari a kantin hutawar sojoji, ita da sauran matan gari, ba don albashi ba. Da yamma kana jin ƙaho daga filin fareti, kana jin kurata suna tafiya suna waƙa da muryoyin da ba su gama fashewa ba. A tsakiyar hunturu, lokacin da tsuntsu ma yake shakkar buɗe baki, Raili tana yawo cikin gida ba safa, 'yarsu Marjut tana karatu a ƙasa rub da ciki. Tauno in ya dawo daga aiki yakan dafa bututun da ke ƙarƙashin taga, ya ce, “Wutata ce wannan.”

Sai aka yi kasafin kuɗin da ya ci barikin. Wasu mutane suka zo daga babban birni da takalma marasa kauri, suka zaga, suka sha gahawa, suka ci fanken Raili, suka yaba. Aka ce duniya ta yi lafiya, sojoji sun yi yawa, kuɗin da ake kashe musu gara a bar wa iyalai. Kurata suka tafi, motoci suka tafi, aka sauke tuta. Aikin ƙarshe a barikin nan Tauno aka bar wa: ya kashe wuta, ya buɗe famfunan ƙasa ya tsiyaye ruwan bututu kaf, don kada ƙanƙara ta fasa su. Ya yi shi yadda ya kamata, gini bayan gini. Ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ƙarar ƙarshe da bututu yake yi in ruwa ya ƙare, kamar mutum yana shaƙuwa.

Bayan sojoji, kantin gari ya bi, makaranta ta bi, bas ya koma zuwa sau ɗaya a yini. Gidajen layin shinge kuwa kowa aka ce ya sa ƙaramar tukunyar lantarki. Shekarun farko an lallaɓa. Daga nan wutar lantarki ta yi tashin gwauron zabo, kuma aka sake yin wani kasafin. Wannan karon aka ce duniya ta rikice, dole a sayi makamai, saboda haka iyalai su ɗaure ciki: tallafin gida aka datse, harajin kaya aka ƙara, fansho ya tsaya inda yake yana kallon farashin man shanu yana wuce shi.

“Da sun ce babu kuɗin soja, don a bar wa gida,” in ji Tauno ga rediyon kicin, don da shi yake yawan gardama. “Yanzu sun ce babu kuɗin gida, don a bar wa soja. To ni da nake tsakanin gida da soja, ina nawa ya maƙale?”

“Rage murya, tsoho,” in ji Raili. “Ba ya jin ka. Da yana ji da tuni ya ƙaura.”

Hunturun da ya biyo, Tauno ya rufe ɗakunan sama, ya murɗa tukunyar lantarki ƙasa ƙasa, suka koma kwana da rigunan ulu. Mutumin da ya ɗumama bataliya guda ya zama mai leƙen mita kamar mai gadin ɓarawo. Raili ba ta yi ƙorafi ba, tari ne ya yi mata. Kafin ƙanƙara ta fara narkewa sanyi ya kama mata huhu, aka kwantar da ita a asibitin gunduma.

Marjut ta zo daga Tampere a jirgin ƙasa. Ma'aikaciyar jinya ce, ba ta iya kewaye-kewaye ba. A farfajiyar asibiti ta tare mahaifinta.

“Baba, na shiga gidan nan jiya. Firij ɗina ya fi shi ɗumi.”

“Iskar gabas ce aka yi.”

“Ba iskar gabas ba ce, kai ne da mita. Ka saurare ni. Mama ba za ta sake yin hunturu a gida mai sanyi ba. In ƙanƙarar farko ta sauka na zo na tarar babu wuta ta gaske, zan sa ta a mota. Ina da ƙaramin ɗaki.”

“Ni fa?”

“Akwai kujera a falo.”

“A hawa na shida? In riƙa kallon tantabaru?”

“To ka zauna ka kalli mita.”

Tauno ya san 'yarsa, jininsa ce. Ya kuma san cewa in Raili ta hau hawa na shida ta saba da ɗumin da ba a tunaninsa, ba za ta dawo ba, shi kuma ba zai je ba. Sun haura shekara hamsin suna shan gahawar safe a tebur ɗaya. Ya koma gida ya tsaya gaban babban murhun bulo, wanda tun rasuwar mahaifiyarsa ya zama wurin ajiye tukwanen furanni da tsofaffin jaridu. Ya dafa shi. Sanyi ƙalau. Ya ce, “To, sai ka tashi daga barci.”

Murhu sai da itace, itace kuma a shekarar nan ya zama zinariya, don kowa ya tuna da murhunsa lokaci guda. Tauno ba shi da daji nasa. Ya je ofishin gandun daji, wata mata ta duba ta ce akwai itacen koivu, wata bishiya mai farin ɓawo, a bayan tsohon filin harbi na bariki, ba wanda ya nema, zai iya sara a kan abin da bai kai kuɗin cefanen mako ba. Ta ce masu yanka katako ba sa so, ya dai san dalili. Ya ce ya sani. Ya fito yana jin kamar barikin ne ya tuna da shi a ƙarshe.

A hanya ya biya wajen Aulis Pesonen, maƙwabcinsa, tsohon samanja, wanda gwiwoyinsa suka yi ritaya kafin shi. Tun suna samari suke tsokanar juna.

“Bayan filin harbi?” in ji Aulis. Ya ajiye kofi. “Fayaman, hayaƙin da ka shaƙa ya fara aiki.”

“Akwai tudun ƙasa a bayan allunan harbi. Tudun ne yake tare harsashi. Itacen yana bayan tudu.”

“Wa ya ce maka harsashi yana zuwa tudu?”

“Ai don haka aka gina shi.”

“Ni na koya wa yaran nan harbi, Tauno. Ni na san inda harsashinsu yake zuwa. Da maƙiyi zai tsaya a gaban allo, da ya tsufa lafiya. Wanda ya hau bishiya a baya shi ne zai mutu.”

“Wato ka yi shekara talatin kana cin albashi a banza.”

“Kai ma ka yi shekara arba'in kana dafa ruwan da ba a sha. Ka kira gayya, mutumina. Mu taru mu nemi wani dajin.”

“In kira gayya don itacen murhu ɗaya? A ce Kettunen ya kasa ɗumama matarsa?”

“Ai an riga an ce.”

Tauno ya ɗauki hularsa ya fita bai gama gahawar ba, wanda a garin nan ya fi zagi zafi.

Kowa ya san ka'idar itace: a sare shi ƙanƙara tana ƙasa tukuna, a faskara shi kafin ganye ya fito, iskar bazara ta busar da shi, ya shiga rumfa kafin bikin Yohanna Mai Baftisma na ƙarshen watan Yuni. Wanda ya makara, hayaƙi zai ƙona da hunturu, ba itace ba. Tauno ya wasa zartonsa mai inji, ya ɗaura 'yar tirela a bayan tsohuwar motarsa, ya bi hanyar da motocin soja suka bari. Dajin kuwa ga shi nan, koivu dogaye farare, miƙaƙƙu kamar kurata a fareti, ba wanda ya taɓa su tun kafin a haifi Marjut. Ya ce a ransa, Aulis baƙin ciki ne kawai.

Bishiyar farko ta faɗi lafiya. Da ya zo yanka ta gunduwa-gunduwa, zarto ya shiga rabi, sai ya yi wata ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, tartsatsi ya tashi. Ya zaro ya duba: haƙoran sarƙa sun dakushe. Ya sa gatari ya tsaga wurin, sai ga harsashi kwance a cikin farin itace, bishiya ta yi masa ɗaki ta rufe. Ya zauna a kan kututture ya ɗauko magagari ya wasa sarƙar haƙori bayan haƙori. Ya tashi, ya yanka gunduwa biyu, ta uku ta sake kuka. Wasu harsasan masu taushi ne, zarto yana wuce su, amma akwai masu zuciyar ƙarfe, su ne ba sa yafiya. Kafin azahar ya fi yin wasawa a kan yanka. Kafin mako ya ƙare sarƙa biyu sun tafi, ta uku ta tsinke ta dokar masa wando, Allah ya kiyaye ƙafar. Araha dai ba ta ado.

Bai gaya wa kowa ba. Ya rataye injin, ya sauko da zarton hannu na mahaifinsa, wanda in ya ci karo da ƙarfe hannu yake ji kafin haƙori ya lalace. Amma zarton hannu a hannun mai shekara saba'in da ɗoriya ba ya gudu. Ƙanƙara ta narke, hanya ta zama taɓo, ganye ya fara leƙowa, sauro ya iso da rundunarsa. Abin da ke cikin rumfa bai kai ya raka su Kirsimeti ba.

Raili ta dawo daga asibiti ta rame, amma idonta bai rame ba. Ta ga tafin hannunsa, ta ga gwangwanin gahawa a bakin taga da yake tara harsasan da ya tono. Ta girgiza gwangwanin.

“Wannan fa? Gadon da gwamnati ta bar mana?”

“Ajiye min abina.”

“Tsoho, ka kira mutane.”

“Ban mutu ba tukuna.”

“Na sani. So nake su zo kana da rai, su ci fanke kana gani.”

Raili ba ta sake tambaya ba. Ta ɗauki waya ta kira matan da suka yi soye-soye tare a kantin sojoji. Ranar Asabar da safe Tauno ya isa daji ya tarar da motoci a bakin tudu. Duk wanda ya rage a layin shinge ya zo, in aka haɗa haƙoransu na asali da ƙyar za su cika baki biyu. Aulis yana tsaye a gaba da sanda a hannu ɗaya, a ɗayan kuma na'urar neman ƙarfe da ya aro wajen surukinsa mai yawon tonon tsofaffin kwabbai.

“Wa ya kira ku?” in ji Tauno.

“Ba wanda ya kira mu. Yawon shan iska muka fito, da zartuna. Matsa, Fayaman, aikin soja ne wannan.”

Aulis ya riƙa bin gungumen itace da na'urar, in ta yi tsuwa ya ja layi da alli, masu zarto su yanka a gefe. Tsuwa kuwa ba ta tsaya ba. Wata bishiyar sai da allin ya mai da ita kamar jakin dawa.

“Wannan aikin 'yan rukunin bazara ne,” in ji Aulis. “Na gane hannunsu. Ɗaya daga cikinsu yanzu likitan ido ne.”

“Kai dai ka ji kunya,” in ji wata tsohuwa mai suna Terttu, tana jera faskare. “Da yaƙi ya zo, da itatuwa ne kawai za su gudu.”

“Yi shiru, Terttu. Fankenki ne ya sa hannunsu santsi.”

Raili ta kafa tukunyar miyar wake a kan wuta a bakin tudu, ta soya fanke a karo na farko tun rufe bariki. Tauno ya yi aiki fuska a murtuke, amma ya ci fanke huɗu, Aulis ya ƙirga masa da ƙarfi. Suka sake dawowa Asabar ta gaba, da wadda ta bi ta. An ɗan makara, amma rani ya zo da iska mai kyau. Zuwa kaka rumfar Kettunen ta cika har rufi, jeri a miƙe kamar an sa igiya, in ka buga faskare biyu sai su yi ƙara garau. Tauno yakan fita da safe da kofinsa ya tsaya yana kallonta. Ya kira Marjut ya ce ta zo ta ga ƙanƙarar farko in tana so, ta taho da rigar shan iska.

Ya hau rufi, a hankali wannan karon, ya ɗauke dutsen da faifan ƙarfen, wanda tsatsa ta riga ta huda. Doka ta ce murhun da ya daɗe ba a hura ba sai mai share bututun hayaƙi ya duba shi, Tauno kuwa mutumin ka'ida ne. Ya kira Outi, wadda ta gaji sana'ar daga mahaifinta, take zaga ƙauyukan nan da baƙaƙen kaya da burushi a kafaɗa. Ita take share masa bututun sauna kowace shekara.

“Kawu Tauno, yaushe rabon wannan da wuta?”

“Kina zanen goyo.”

“Ni ko mahaifiyata?”

Ta hau, ta share, ta fito da sheƙar tsuntsu da ɓaraguzan bulo cike da bokiti. Ɓaraguzan ne suka tsaya mata a rai. Ta kunna wani abu mai hayaƙi a cikin murhu, ta toshe bakin bututu daga sama, ta ce ya biyo ta ɗakin ƙarƙashin rufi. Suka tsaya a sunkuye a kan dusar katakon da mahaifinsa ya zuba don tare sanyi. Ba a jima ba sai ga hayaƙi yana fitowa daga jikin bulo, siriri, ta nan, ta can, ta wani wurin kuma a ƙasa daidai inda dusar take. Shekara da shekaru ruwa yana shiga ta hudar faifan, babu wutar da za ta busar da shi, ƙanƙara tana buɗa tsagar kaɗan kaɗan.

“Na shafe da siminti,” in ji Tauno.

“Daga ciki ya ruɓe, Kawu. Sai an rushe daga rufi har ƙasa an sake ginawa.”

“Wuta kaɗan zan riƙa sawa. Ni fayaman ne, na san wuta.”

“To ka san abin da tartsatsi ɗaya zai yi wa wannan dusar. Ba zan sa hannu ba. In ka hura kuma, ni zan kai ƙararka da kaina, in zo in sha gahawa bayan nan.”

“Akwai tallafin gyaran gida na tsofaffi.”

Outi ta goge hannu a wando. “Akwai shi da. Ka nema dai, amma mutanen da na sani da suka nema bana, an ce musu asusun ya ƙare. Magina kuma babu mai hannu sai bazara.”

Tauno ya sauko ya zauna a kicin. Rediyo yana bayani a kan sababbin jiragen yaƙi da za a saya, da ƙarin haƙurin da ake roƙon jama'a. Ya miƙa hannu ya kashe shi, bai ko tanka masa ba, abin da Raili ta ce ya fi ba ta tsoro a duk shekarar. Ta taga ana hango rumfa cike da busasshen itace, a tsakiyar ɗaki ga murhu da ba shi da izinin cin ko sanda ɗaya.

“Baba ya tofar da yawu ranar nan,” in ji shi can. “Da ya buɗe baki ya yi magana mana.”

“Da ka ji?” in ji Raili.

Ya juya ya dubi bango.

Ƙanƙarar farko ta sauka ranar wata Alhamis, Marjut ta iso ranar Asabar da babbar jaka wadda ba komai a ciki. Ta shiga gida ta dafa murhu, ta dubi mahaifinta. Ya gaya mata gaskiya a tsaye, kamar mai ba da rahoto. Ba ta yi faɗa ba, wannan ya fi ciwo.

“Mama, ɗauko magungunanki da kayan sanyi. Sauran ma dawo mu kwasa.”

Raili tana zaune tana saƙa. Ba ta ɗaga kai ba. “Me kika ce wa babanki a asibiti? Gida mai ɗumi, ko wuta ta gaske?”

“Duk ɗaya ne.”

“Ba ɗaya ba ne a wurina. Sa takalminki, mu je bakin tafki.”

Suka bi ta su biyu, Tauno a baya. Hayaƙi yana tashi daga bututun sauna, alhali ba lokacin wanka ba ne. Raili ta tura ƙofar ɗan ɗakin da ke jikinta. Ƙaramin murhun ƙarfe yana ci, ɗumi ya bugi fuskokinsu. An share, an shimfiɗa darduma, an sa labule, ga gado a jikin bango, ga tebur na mutum biyu, ga butar gahawa. Ita da Terttu suka yi ta jigila da 'yar keken lambu duk ranakun da Tauno yake zaune a kicin yana kallon bango.

“Wannan bututun Outi ta share shi bana, ta ce lafiyarsa lau,” in ji Raili. “Itacen da ke rumfa zai ciyar da wannan murhun hunturu uku. Ruwa akwai rijiya. Taɓa bango ki ji.”

“Mama, nan fa ɗakin tuɓe kaya ne.”

“Kakarki ta yi goyon babanki a nan, babu lantarki, babu ke da za ki yi mata faɗa.”

“A'a,” in ji Tauno. Muryarsa ta fito da kaushi. “Mahaifina ya fito daga wannan ɗaki da gatari ɗaya ya gina gida. Ni in baro gida in dawo nan? Bayan duk aikin da na yi wa ƙasar nan?”

“Ƙasar ba ta nan, tsoho, ni ce nan. Ko dai nan da kai, ko hawa na shida ba kai. Zaɓi, ƙafafuna sun gaji.”

Marjut ta zaga ɗakin da idon ma'aikaciyar jinya. Ta duba tagar, ta duba ƙofar murhu, ta tambayi inda za a yi bayan gida da dare, ta ce sai an sa na'urar gargaɗin hayaƙi, sai an yayyafa yashi a hanya kullum, kuma za ta riƙa kira kowace safiya, in ta ji tari ɗaya magana ta ƙare. Raili ta ce ta ji. Suka juya suna kallon Tauno.

Ya tsaya a bakin ƙofa har ɗumi ya fara tserewa. Raili ta ce ya shigo ko ya fita, itace ba na gwamnati ba ne. Ya fita.

Ya haura zuwa gida shi kaɗai. Ya ɗauko sifana daga akwatin kayan aiki, ya sauka ɗakin ƙasa, ya kashe tukunyar lantarki, ya buɗe famfon ƙasa. Sannan ya bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya yana kwance bakin kowane bututu don iska ta shiga, daga sama zuwa ƙasa, yadda ya yi wa bariki. Ya yi shi yadda ya kamata. Da ruwan ya ƙare, bututun da ke ƙarƙashin tagar falo ya yi shaƙuwar nan da ya sani.

Aulis yana jingine da shinge lokacin da ya fito ɗauke da rediyo a hammata da gwangwanin harsasai a hannu.

“Ina zuwa, Fayaman? An yi maka canjin wurin aiki?”

“An rage min girma.”

“Rediyon fa? Na ji kun ɓata.”

“Ban gama da shi ba.”

Ya biya ta rumfa ya ɗora faskare a kan hannun da ya rage, na saman yana da layin alli a jikinsa. Ya gangara bakin tafki a hankali saboda santsi, yana ƙunƙuni, Raili kuwa ta riga ta buɗe masa ƙofa tana cewa ya kaɗe takalminsa.